Saƙon Inna Buhu-Buhu

Shekara shida Inna ba ta magana da yayarta da ke aure a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Benin. Dalilin kuwa kalma ɗaya ce. Ranar da kakarmu ta rasu, yayar ta iso Bagudo bayan an kai gawa, Inna ta ce mata a gaban mutane ai ba ta san tana da uwa ba. Tun daga nan kowa ta kama kanta.

Wata damina sai labari ya zo cewa yayar tana kwance, ciwon ya yi nauyi. Ruwa ya cinye hanya, ba mota ba babur. Muka gwada kira, layin ya riƙa yankewa kafin a gama sallama. Na ce wa Inna ta ɗauki muryarta a wayata, in tura wa 'yar yayar ta intanet, ita kuma ta kunna mata. Inna ta dubi wayar kamar an miƙo mata kuɗin jabu.

"Ta ina maganar za ta bi?" in ji ta.

Ni da nake koyar da kwamfuta a makarantar sakandare, sai na gyara zama, abin nema ya samu. Na ce intanet kwamfutoci ne na duniya da aka haɗa da juna, wasu da waya a ƙarƙashin teku, wasu ta iska. Na ce a Amurka aka fara, lokacin da masu bincike suka haɗa 'yan kwamfutocin wasu jami'o'i don su riƙa aika wa juna bayani. Da yake bakina bai san tsayawa ba, har na ƙara da cewa saƙon farko ma harafi biyu kawai ya kai, na'urar ta tsaya.

"To ka gani hwa," Inna ta ce. "In tawa ta tsaya wurin gaisuwa, ba ta kai ga neman gahwara ba, mi ni yi ke nan?"

Nan na gane abin da ke cin ta. Na kuma ji haushin kaina, don ni na ƙara mata tsoro da surutuna.

Inna ta yi shekaru tana fataucin albasa a kasuwannin bakin kogi, har Dole Kaina. Sai na tambaye ta yadda take tsallakar da kayan da suka fi ƙarfin kwalekwale ɗaya. Ta ce ai rabawa ake yi, kowane buhu da shaidarsa, wannan jirgi ya ɗauki biyar, wancan ya ɗauki uku, a can gaɓa a ƙirga. Na ce in ɗaya bai iso ba fa? Ta ce ba wanda zai ɗaga sai an koma an nemo shi.

Na ce to haka mutanen nan suka tsara abin. Ana yanka saƙo gutsure-gutsure, kowane da lambarsa da inda za shi. In wata hanya ta toshe, sai ya bi wata. A can a jera su, in ɗaya ya ɓace a ce a sake turo shi. Sai ta ce, "Ashe masu abin ga sun san lodi." Har yau ban ji an yaba wa masana da abin da ya fi wannan ba, kuma ina ganin sun cancanta.

Ta kore ni daga ɗakin bayan na nuna mata inda za ta danna. Da Dandanci ta yi maganar, yaren da suka tashi da shi, minti biyu da 'yan kai. Ban saurara ba, ko da yake raina ya so. Na hau kan katangar bayan gida inda sabis ya fi kamawa, na ɗaga waya sama har hannuna ya gaji, saƙon ya tafi.

Amsa ba ta zo ba sai washegari da hantsi. Muka zauna a tabarma na kunna. Muryar yayar ta fito, siririya, ta kira Inna da sunan da suke tsokanarta da shi tun tana yarinya. Daga nan sai shiru, mai tsawo. Inna ta kama hannuna da ƙarfi.

"Buhu ya hwaɗi," ta ce. "Ka ce su sake turo shi."

Na duba, layin da ke nuna saƙon yana ta tafiya. Na ƙara sauti har ƙarshe, muka kara kunne. Numfashi ne, da jan hanci a hankali. Na ce, "Inna, ba abin da ya ɓace. Kuka take yi."

Inna ta saki hannuna ta rufe fuska da mayafi. Can muryar ta dawo, ta ce ta yafe tun shekarar farko, jira kawai take a tambaye ta.