Sunaye Tara Cikin Turmin Inna

Watan nan Inna ta cika shekara takwas da rasuwa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa can ta fi mata nan. Duk wanda ya zauna unguwarmu nan Dakoro kafin injin niƙa ya yawaita ya san muryarta, don ba ta ɗaga taɓarya bakinta rufe. Cikin waƙoƙinta akwai ta surfe, wadda take jera sunayen iyayenta mata, daga wadda ta haife ta har sama, mutum tara. Lokacin ina lakwal, hankalina na kan littafi, ina ji ina wucewa. Sai bayan rasuwarta na zauna zan yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, na tarar huɗu kawai na riƙe.

Mutum guda ta rage da ta san waƙar nan: Gwaggo Indo ta Sabon Maci, aminiyar Inna, wadda suka yi ƙuruciya bakin turmi ɗaya. Ta tsufa, numfashinta ya yi gajere. Na sha tambayarta sunayen, sai ta ce, "Ɗiyata, haka kawai ba su zuwa mini."

Bana na ƙudura sai na naɗe su. Ɗan Faransancin da na samo a kolej ya yi mini rana. In na gama aikin safe, rezon intanet ya yarda, sai in buɗe salula in kalli bidiyon masu koyar da ɗaukar murya a gida. Na koyi nisan da ake bari tsakanin baki da salula. Na sauke wata aplikasiyo da ke ɗaukar murya daban, kiɗa daban, ta haɗa. Nakan ce da Inna na raye ta gan ni ina koyon waƙa wurin wani saurayi da bai taɓa shiƙar gero ba, da ta yi dariya har ta dafe bango. Amma ba za ta hana ni ba. Ita ce ta tsaya aka bar ni na yi karatun.

Masu bidiyo sun ce a nemi ɗaki shiru, a rataya barguna. Na ɗauko Gwaggo ranar kasuwa, na zaunar da ita ƙuryar ɗaki, na kori kaji, na ce bismilla. Ta dubi bargunan ta ce, "Jego nake yi ne, ko takaba?" Ta buɗe baki, baiti ɗaya bai fito ba. Ta ce sai ta ji turmi.

Nan dabara ta zo mini, irin ta ƴan boko. Na fita na ɗauki ƙarar taɓarya ni kaɗai, na dawo na sa mata abin ji a kunne. Ko bugu biyar ba a yi ba ta fizge shi.

"Wa ya daki turmi wofi? Uwarki ce ta koya miki wannan? Kawo gero, ke!"

Kunya ta rufe ni. Gaskiya ban zuba ko tsaba ba, na ɗauka ƙara duk ƙara ce.

Muka fito tsakar gida da kajinmu da komai. Na yayyafa wa gero tiya guda ruwa, na jingine salula kan murfin kwano, na kama daka. Sai ga waƙa ta taso daga ƙirjin tsohuwar nan kamar jiya ta bar ta. Na huɗu ya wuce, na biyar ya fito, hawaye na zuba mini ina daka. Tana kawowa na shida dusa ta fita, surfe ya yi. Ta yanke waƙar.

"Gwaggo, saura uku."

"Aiki ya ƙare, waƙar me? Gidanku a zamanin da, abincin mutum ashirin ake surfawa. Wanga ɗan geron naki ba ya kai mu ko'ina."

Kuma ba ta kama waƙar daga tsakiya, sai daga fari. Na bi maƙwabta gida-gida na roƙe su kada su kai geronsu inji makon nan, su kawo mini. Wata ta ce, "Hadiza, ko fura za ki fara sayarwa?" Biyu suka zo da taɓarensu, muka jera turmi biyu don kada bugu ya yanke. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Karo na farko numfashin Gwaggo ya ɗauke a na takwas. Muka bar ta ta huta kwana biyu, muka sake. Ranar ta kai na tara: Tabawa. Ban taɓa sanin na fito daga tsatson wata Tabawa ba.

Abin da na ɗauka ba zai burge masu bidiyo ba. Akwai kukan akuya a ciki, akwai tarin Gwaggo. Na tura wa ƙannena na Maraɗi da mai aure a Mai Yara, na ce kowace ta sa ɗiyanta su haddace. Inna ba ta bar gona ba, ba ta iya rubuta ko sunanta ba, amma ta riƙe mata tara a bakinta shekara da shekaru, ba ta yar da ko ɗaya ba. Yanzu bayan kowace salla ina kiran su da sunansu, in roƙa musu gafara. Na sa nata a farko, sun zama goma.