Goggo ta shafa wa zomona turare

Jama'a, yau fitsarin zomo ya shiga bakina! Tir!

Zomayena biyu, Fari da Kwalli, kwanonsu ɗaya, ba su taɓa faɗa ba. Goggo ta zo daga garin Guider, ta ce wari suke yi. Kafin in dawo daga kasuwa ta shafe Fari da humra! Kwalli ya sansana shi, bai gane ɗan'uwansa ba. Sai cizo! Kunnen Fari har jini. Na sunkuya ina ihu zan raba su, Kwalli ya yi tsalle ya tsula min fitsari a fuska.

Na ce, "Goggo, kin ga abin da kika jawo?"

Ta toshe hanci, ta miƙo min kwalbar humrar. "Ungo, kai ma shafa."