Batirin da Ke Mutuwa Ranar Litinin

Motata ta farko, in ba ta girme ni ba, to sa'ata ce. A hannun wani ɗan kasuwa na Shinkafi na saye ta, shi kuma ta Nijar ya shigo da ita, kuma ina kyautata zaton sai da ta yi wa ƙasashe bakwai hidima ta yi ritaya kafin ta faɗo hannuna. In na tada ta a Ƙaura, kajin Sakajiki watsewa suke yi.

Da aka ba mu jiha, sai aka maido mu ma'aikata daga Sakkwato zuwa Gusau. Can nake kwanakin aiki, ranar Juma'a da yamma in dawo gida Ƙauran Namoda, in ajiye motar bayan gida a gindin dogonyaro, in rataye makulli a ƙusar zaure. Litinin da sassafe in koma. Shekara uku muna haka, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Sai shekarar da aka fara shari'a, wadda a daminarta muka yi rashin Inna. Bayan an kai amfanin gona gida, mota ta ɓullo da sabon hali. Duk tsawon mako a Gusau lafiyarta lau. Amma Litinin da safe a Ƙaura, in na murɗa makulli, sai ta yi ɗan tari awa tsohon da ya shaƙi yaji, ta yi shiru. Sai turi. Dattawan da muke sallar Asuba tare sun tura ta har suka yi damatsa irin na 'yan dambe. Maƙwabcina mahauci kuwa, da ya hango ni da makulli a hannu sai ya tuna yana da uzuri a bayan gari.

Abin ya wuce wasa ranar da shugaban sashenmu ya miƙo mini takardar gargaɗi ta biyu kan makara. Ya ce ta ukun ba gargaɗi ba ce, sallama ce. Ga iyali, ga Baba ya tsufa, kuma duk gidan ni ake kallo.

Na kai ta wurin wani mai gyaran wayar mota kusa da tasha, wanda muka yi firamare tare. Ya kankare farin garin da ya taru a kawunan batir, ya leƙa ruwan ciki ya ƙara. Ya tada ta, ya kunna fitila, ya taka totur, fitila ta ƙara haske.

"Caji na shiga," in ji shi.

Ya kashe, ya kwance kai ɗaya, ya ɗan taɓa shi a wurinsa. Ko tartsatsi babu.

"Babu wayar da ka satar wuta. Ɓarawonka da ƙahwa shika zuwa. Gaya min gaskiya, kiɗa kake sha a ɓoye, yanzu da kowa ya koma wa'azi?"

"Ni? Uwargida ta kwashe kaset ɗina duka ta zuba a buhu. Ko tafi na yi a gida sai an harare ni."

"To wani na zama cikinta. In ka aje ta, kwance kan batir ɗaya ka tahi harkarka."

Na yi yadda ya ce. Litinin ta zo, bugu ɗaya ta tashi. Na isa ofis kafin mai shara, har na tsaya bakin ƙofa ina gaida masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya shaida.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne Baba. Tsohon malamin Arabiyya ne, mai ƙarancin magana, kuma da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Da "kai wannan" na girma, da na sayi mota na samu ƙarin girma na zama "mai mota". Ranar da aka binne Inna, ko hawaye ba a gani a idonsa ba, shi ne ma ke ba mutane haƙuri. A makon nan na biyu da na kwance batir, uwargida ta ce tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi.

Ranar Lahadi na je ɗaurin aure, na dawo da wuri, tsakanin Azahar da La'asar. Na bi ta bayan gida. Sai na hangi ƙofar mota a buɗe, Baba zaune a kujerar direba, ƙafa ɗaya a waje. Ya murɗa makulli, ya saurara, ya mayar, ya sake murɗawa. Can ya ciro wani koren kaset daga rikodar motar, ya hura shi, ya goge da bakin riga, ya sake turawa. Shiru.

Na san kaset ɗin. Shekarar da Inna ta je aikin Hajji ta yi mana magana a ciki, ta aiko ta hannun wata alhajiya da jirginsu ya riga nasu tasowa. Mun saurara sau ɗaya a tsakar gida, muka yi dariya, muka manta. A cikin gida kuwa, ga surukai ga jikoki, Baba ba zai taɓa yarda a ji shi yana sauraron muryar matarsa ba. Shi ya sa yake zuwa nan, ya murɗa makulli har sai fitilun gaban direba sun kama, ya bar ƙofa a buɗe saboda zafi, ƙwan ciki na ci, tun Asabar har Lahadi.

Na ja da baya a hankali, na zagaya ta ƙofar gida ina sallama da ƙarfi kamar mai shelar ɓatan raƙumi.

Na zauna a zaure ina juya abin. In na mayar da kan batir, aikina ya tafi. In na bar shi a kwance, na raba tsoho da abin da ya rage masa. In kuma na sayo rikoda na miƙa masa, ya san na gani, kuma na tabbata daga ranar kaset ɗin zai koma ƙasan akwati.

Bayan La'asar na same shi a kan buzunsa.

"Baba, mai gyara ya ce batirin nan ba ya son zama. Dole duk Lahadi a hau titi da ita ya cika. Kuma ya ce kada in tafi ni kaɗai, motar tana son nauyi a gaba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Nauyi? Ni da iska ka ɗauka?"

"Nauyin ilimi yake nufi, Baba."

Bai yi dariya ba, amma ya nemi takalminsa.

Na ɗaura kan batir, muka kama hanyar Zurmi. Da muka bar gari, gonaki sun yi fayau, sai karan dawa a tsaye, na ce, "Ya kuma ce a kunna rikoda a ga ko tana jan wuta. Ga shi ba ni da kaset ko ɗaya. Ko akwai wani tsoho a gida, mu koma?"

"Bari in gani," in ji shi. Ya sa hannu a aljihu kamar mai neman goro. "Ga wani nan. Ban san ko mine ne ciki ba."

Muryar Inna ta cika motar, da hayaniyar mahajjata a bayanta. Ta gaida kowa, har da mai kawo mana nono. Ta ce a kula da jar akuya kada ta shiga rumbu. Ta ce wanda ya san ya karya mata murfin kwano ya shirya. Ni ne. Can wajen ƙarshe ta rage murya, ta ce, "A gaida Malam. A ce mai ya riƙa cin abinci."

Baba ya juya fuska wajen taga. Ni kuma na ƙura wa titi ido kamar ranar aka shimfiɗa shi.

Washegari bugu ɗaya ta tashi, kuma takarda ta uku ba ta taɓa zuwa ba. Ranar Juma'a in kwance kan batir, Lahadi bayan La'asar in ɗaura mu fita, haka muka yi har ƙarshen ransa. Amma waccan fitar ta farko na fi tunawa. Kaset ya ƙare daidai garin Dauran, na rage gudu zan juya.

"Kai, mai mota. Batirin ya cika?"

"Da saura, Baba. Ko rabi bai kai ba."

"To mi kake jira? Maida kaset ɗin farko, mu ƙarasa Zurmi."