Ɗiyar Wa Za Ta Duba Ta?

Ko tsufa ya kwashe mini komai, akwai ranar da ba za ta fita raina ba. Shekarar fari ce, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, rijiyoyinmu na Kurawa suka ƙafe. Ragowar ruwan tafki muke sha, sai amai da gudawa suka shigo gari. Mai ɗakina ta kamu, kafin azahar idanunta sun faɗa. Na ɗora ta a amalanke, sai wani ɗan asibiti a Sabon Birni.

Ma'aikatan da aka turo daga nesa duk wahalar ruwa ta mayar da su garuruwansu. Saura malamin asibiti guda, wani dattijo, ga majinyata kwance har gindin darbejiya. Ya nufo mu da ledar ƙarin ruwa, ni kuwa da taurin kaina na wancan lokacin, na sha gabansa.

"Malam, mace nika so ta duba ta."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Kana da ɗiya?"

"Ina da. Ta kai aji shidda, na hidda ta makaranta, ɗibar ruwa takai muna."

"To ɗiyar wa kaka so ta duba maka iyali? Mace guda munka samu, baƙuwa, ta tahi. Kowa ya ɓoye tashi yana jiran ta wani. Matsa, malam, ruwan jikinta na ƙarewa."

Wallahi kunya ta kama ni, na matsa. Da ƙyar ya samu jijiya, ya ba ni ledar na riƙe sama don babu abin ratayewa. Sai kwana na biyu ta buɗe ido ta nemi kunu.

Da muka koma gida na mayar da yarinyar makaranta, na karɓi jakin ɗibar ruwan da kaina. Abokaina suka yi ta tsokanata, wai magidanci ya koma ɗan garuwa. Na bar su da dariyarsu.

Yau ɗiyar nan tawa ma'aikaciyar jinya ce, kuma matan masu dariyar nan ita suke nema. Dattijon bai rayu ya gani ba, Allah Ya jiƙansa. Shi ya koya mini abin da manomi ya kamata ya riga kowa sani: gonar da ba ka shuka ba, kada ka je mata da lauje.