Wuta Bakwai ta Iya

Har yau in na ji ƙamshin gahawa, gabana sai ya faɗi. Ba gahawar nake tunawa ba, kaskon Iya nake tunawa.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. A Ƙarfi muke, shekara uku bayan samun mulkin kai, ina da shekara goma. A ƙarshen daminar nan zazzaɓi ya kwantar da Baba, ya tashi ba ƙarfi, audugarsa ma maƙwabta ne suka cire masa. Tuwo ba ya shiga, koko ba ya zama. Abu ɗaya yake karɓa: ruwan 'ya'yan rai-ɗore, ciyawar nan da ke fitowa a bakin juji, wadda ko akuya ba ta ci. Iya ke soya su, ta daka, ta dafa da citta da mazarƙwaila. In ya sha, sai ya nemi abinci.

Da an ci tuwon dare take ɗora kasko a murhu, mu kewaye ta ni da ƙannena. Tatsuniya ɗaya ce kullum, ba ta canzawa.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji Iya.

"Ta zo ta zauna," mu amsa.

Wai wata mata ce ta kwanta ciwo, tana da ɗa da 'ya. Wata tsohuwa a bakin rafi ta ba su ƙwaya cikin kasko, ta ce magani ce, amma sai ƙwayar ta ga wuta bakwai. Ɗan ya kai ta wutar maƙeri, ya ga ta yi ja, ya ce ai ta isa. Ya ɗanɗana, ya faɗi nan take. Ita kuwa 'yar ta bi gida-gida: wutar maƙeri, ta mai ƙosai, ta mafarauci, ta makiyayi, ta mai gasa tukwane, ta mai tsire, sai ta murhun uwarta. A kowace wuta sai an yi gaisuwa mai tsawo, an sa ta aiki, sannan ta rera:

"Juya, juya, ɗan baƙi,
wuta ba ta gaggawa."

Iya na rerawa tana juya ƙwayar da ludayi. Ni kuwa raina ya ɓaci, don ina jin tafin gaɗa daga dandali.

"Haba Iya, ki tsallake mai tsire mana!"

"Uwar gaggawa," ta ce, "ke da aka haifa ungozoma na hanya."

Sai ta ce "Ƙurunƙus, kasko ya huta," sannan ta sauke.

Rannan aka yi rasuwa a Tsiga, Iya ta tafi kwana biyu. Inna, mahaifiyata, tana jego, don haka kaskon ya faɗo kaina. Na tara ƙannena na fara tatsuniya. Daga wutar maƙeri na yi tsalle sai murhun uwa. Ƙwaya ta yi ja, ta yi ƙamshi, me ya rage? Na daka, na dafa, na miƙa wa Baba, na ruga dandali.

Da safe Baba ya kasa tashi salla. Amai da gudawa, ƙafafunsa suka mutu kamar jiƙaƙƙen tsumma. Inna na kuka da jariri a hannu. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Washegari Iya ta dawo da la'asar. Ta dubi ɗanta, ta je wajen turmi, ta tsinci ƙwaya ɗaya da ta faɗi ƙasa. Ta fasa da haƙori, ta tofar a tafinta. Cikin ɗanye ne.

"Talatu, wuta nawa yarinyar ta je?"

"Biyu, Iya."

Na jira duka, ba ta dake ni ba. Da ma dukan ta yi.

"Kin ɗauka don daɗin muryata nake jan labarin? Idona ya yi rauni, ba na ganin launin ƙwaya. Labarin ne ke faɗa mini ta soyu. Ɗanyarta guba ce, ƙawata."

Kwana tara Baba ya yi kafin ya taka ƙasa. Allah Ya tashe shi, bai kuma taɓa yi mini zancen ba.

Na girma, na ji masu ilimi suna gardama kan ƙwayar nan. Wasu sun ce tana gyara ciki, wasu sun ce a yi hattara da ita. Ni ba zan rantse cewa ita ta warkar da Baba ba. Abin da na sani, magani da guba a kasko ɗaya suke, haƙurin mai juyawa ne ke raba su.

Bayan shekara shida Iya ta kwanta ciwon ajali. Ta ce tana marmarin rai-ɗore. Na kawo murhu bakin ƙofarta, ni ke ba da labari, ita tana naɗe yatsu a kan tabarma, tana ƙirga mini wuta. A ta biyar yatsun suka tsaya. Inna ta ɗora salati.

Na san ba mai sha. Duk da haka ban sauke ba. Ina hawaye, ina juyawa, na kai yarinyar wajen mai tsire a zuciyata, na kai ta murhun uwarta.

Sannan na ce, "Iya, kasko ya huta."