Karsanar Baffa a Dajin Bayan Malumfashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua, ni da Baffana. Saƙo aka aiko masa daga daji. Bafulatanin da ya ba kiwon karsana tun kafin rikici ya ɓarke ne ya ce ya zo ya ga dukiyarsa, tunda an yi sulhu. Kowa a gida ya ce tarko ne, sace shi za a yi. Tsohon nan ya kafe. Ni kuma aka ce in raka shi, sai ka ce akwai abin da zan iya in ta ɓaci.

Hanyar Malumfashi lafiya lau, an girbe masara, dawa ta sunkuyar da kai. A tasha muka sha koko da ƙosai, ni dai taunawa kawai nake yi. 'Yan acaɓa na jin inda za mu suka watse. Ɗaya ne ya yarda, ya ninka kuɗi, ya ce kuma ba zai kashe mashin ba.

To daga nan fa! Ƙauyuka ba kowa, rumbuna a ƙone, ciyawa ta cinye masallaci. Muna gangarawa wani kwari samari suka fito da bindigogi. Wallahi kalmar shahada ma sai da ta sarƙe mini. Baffa ya yi musu sallama, ya faɗi wurin wanda ya zo. Suka daɗe suna kallonmu, sannan suka kauce.

A ruga dattijon Bafulatanin nan ya riƙe hannun Baffa ya ƙi saki. Ashe shi ma bai runtsa ba, an ce masa da 'yan banga za mu zo. Ya nuna mana karsanar, ta zama uwa, har da jikoki.

"Alhaji, kora abinka," in ji shi. "Na gaji da tsoron in mutu da amanarka."

Baffa ya shafa wuyan saniyar ya ce, "Bar su nan. In na kwashe su, me zai sake kawo ni?"

Na ji kamar in fasa ihu! Haka muka dawo Funtua da ƙwaryar man shanu kaɗai. Abin da na gano shi ne, sulhun da manya suka yi a baki ba ya zama sai wani ya yarda ya kai wuyansa. Baffa ya ce bayan girbin dawa zai koma, kuma wai ni zan sake raka shi.