Kaboyin da Albasa Ta Ɗaure

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Buhari, manomin albasa a fadamar Wurno, mutumin da bai taɓa yin mako guda a wajen garin nan ba. Allah ya jiƙansa.

Da rani, in an taso daga ban ruwa, yakan tada janareto a wata rumfar zana ya sa mana kaset ɗin kaboyi, irin masu arhar nan na Italiya. Baki na motsi daban, magana na fita daban. Garin katako ɗaya ne a kowane fim, wanda aka binne jiya kuma yau ga shi ya dawo da sabon gashin baki. Yaya ba ya jin Turanci ko na anini, amma shi ne mai fassara, kuma duk faɗan da aka yi, a bakinsa rikicin rabon ruwa ne. Mu yi ta dariya har da riƙe ciki.

In an zo ƙarshe, jarumin fim ɗin, baƙon da ya shigo gari, ya hau doki ya ba garin baya, sai fassara ta tsaya. Sau ɗaya na ji Yaya ya ce, "Mi zai hana shi tahiya? Bai da albasa."

Shi kam yana da ita. Babban ɗa ne, gona ta faɗo kansa tun yana saurayi, albasa kuwa ba ta yafe wa wanda ya bar ta da ƙishi. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, amma Yaya ya zauna.

Da zai leƙo yau, da ya tarar samari kowa ya duƙufa kan wayarsa, hanyar Rabah kuma ba mai son bin ta bayan la'asar saboda 'yan bindiga. Ƙarar bindigar da muke yi wa tafi, yanzu ba mai tafa mata. Zai kuma tarar da ɗansa Nasiru, wanda aka samar wa aikin tuƙi a Kudu, yana ce mini, "Bappa, ka sallame ni in tahi." Na ce ya bari a cire albasa. Haka na ce masa bara. Gwiwoyina sun gaji, ba ni da mai yi mini ban ruwa sai shi, kuma kunyar wannan magana na ci na.

Mutane na tuna Yaya da ban dariya. Ni abin da ya bar mini gona ce da ɗa, kuma ba zan iya riƙe gonar ba sai na ɗaure ɗan. Na san wanda Yaya zai ce in saki. Jiya dai na sayo irin albasar baɗi.